Ranar da na ga zuciyata da idona

Kwana goma sha tara da haihuwa na daina iya kwanciya. Da zarar bayana ya taɓa katifa sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, tari ya taso, in zabura in zauna. Na fara da matashin kai biyu, na koma uku, daga ƙarshe a zaune nake kwana, na jingina da bango, jariri a gefena, ina jiran kiran assalatu. Ƙarshen watan Janairun 2023 ne, a Ƙauran Namoda, hunturu ya kankama, kuma haihuwata ta huɗu ke nan.

Ƙafafuna suka kumbura har takalmin da na sa ranar suna ya ƙi shiga. Inna, wadda ta zo yi mini wankan jego, ta duba ta ce, "Ruwan jego na, ɗiyata. Ki ƙara shan kunu shi fita." Ban ga laifinta ba. Haihuwa tara ta yi, kowacce da ruwan zafi da ganyen darbejiya da kunun kanwa ta tashi, ga ta nan garau. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata, shekara goma sha ɗaya ina zana zuciya a allo, ko sau ɗaya ban kawo zuciya a raina ba. Sanyi na ɗauka. Wani mai shagon magani ya ba Malam, maigidana, maganin tari da na zazzaɓin cizon sauro, na sha kwana biyar, abu sai gaba yake yi.

Ranar da na tsaya hutawa sau biyu tsakanin ɗakina da banɗaki, Malam ya ce ya isa haka, ya fita ya kirawo mai Keke Napep.

Likitan da ya gan ni bai yi magana da yawa ba. Ya danna ƙwaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar an danna ƙullu, ya ƙi dawowa. Ya kalli jijiyar wuyana da ta cika ta miƙe. Ya saurari bayana ya ce akwai ruwa a huhu. Aka ba ni gado, aka yi mini allurar Lasix mai fitar da ruwa daga jiki, daren nan na yi fitsarin da ban taɓa yin irinsa ba, kafin asuba numfashina ya fara sauka. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka yi ECG, wato wayoyin nan da ake maƙala wa mutum a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto.

Da ya ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga, ya nuna mana farar inuwar da ke tsakiya, ya ce ta lafiyayyen mutum ba ta wuce rabin faɗin ƙirji, tawa kuwa ta wuce. Malam ya ce to ai an gano ciwon, sai magani. Likita ya ce da saura. Inuwa kaɗai wannan hoton yake nunawa, kuma abubuwa da yawa kan sa inuwar ta yi girma: ko naman zuciyar ne ya saki, ko ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita, ko ɗaya daga cikin ƙofofinta ce ta lalace, kowanne da irin maganinsa. ECG kuma labarin wutar da ke sa zuciya bugawa yake bayarwa, ya nuna tawa tana gudu, bugu 118 a minti ɗaya. Amma yadda take matsa jini, da ƙarfin da ya rage mata, sai an yi eko, wato sikanin ɗin zuciya da ke nuna ta tana motsi. Ya rubuta mana takarda zuwa Gusau.

Duk wanda ke ƙasar nan a watan Fabrairun 2023 ya san abin da zuwa Gusau yake nufi a lokacin. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin sun tafi, sababbin ba su zo ba. Direba ba ya karɓar taransifa, masu POS sun tsawwala, Malam ya wuni a layin banki ya dawo da abin da bai kai kuɗin motarmu mu uku ba. Ga hanya, ba mai tashi kafin rana ta fito sosai, ba mai son la'asar ta same shi a kanta, saboda 'yan bindiga. Da muka isa aka ce ba kullum ake yin eko ba, likita ɗaya ne ke yi, kwana biyu a mako, kuma layi ya cika. Aka ba mu nan da kwana tara. Muka juyo. Da mun san a fara tambayar ranar kafin a kama hanya, da mun huta da wannan wahalar.

A kwana taran nan, abin da ya fi damuna ba sakamakon ba ne, in faɗi gaskiya. Na ji cewa namiji ne ke yin gwajin, kuma a ƙirji ake yi. Ni mai shayarwa. Na kasa faɗa wa kowa sai daren da za mu koma na faɗa wa Malam. Ya ce, "Lalura ce, Maman Walida. Addini bai hana neman magani ba. In kina so in shiga tare da ke, zan roƙe su." Na san matan da wannan kunyar ta hana su zuwa, suka zauna a gida da kumburi. Ina ganin da ma'aikatan asibiti za su riƙa gaya wa mace tun ranar da aka ba ta takarda cewa nas mace za ta tsaya tare da ita, kuma za a rufe ta da mayafi, da an samu mata da yawa da za su zo.

Ranar da muka koma, mun isa ƙarfe takwas da rabi, na samu lamba ta goma sha ɗaya. Babu wani shiri mai wuya: ba a hana ni cin abinci ba, an ce in sha magungunana yadda na saba. Wata nas ta dube ni ta ce, "Malama, gara da kika sa riga da zani, masu doguwar riga wahala suke sha. In lambarki ta kusa, ki ba yaron nono ya ƙoshi."

A bencin nan na ga cewa ciwon zuciya iri-iri ne. Ga wani dattijo daga Tsafe, shekara da shekaru yana fama da hawan jini, an turo shi a ga ko bangon zuciyarsa ya yi kauri. Ga wata yarinya daga Shinkafi, sa'ar ɗalibaina, siririya, mahaifinta ya ce tun tana ƙarama take yawan ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi, yanzu an ce ƙofar zuciyarta ta ƙanƙance. Mu masu jego mu uku ne. Wadda ke kusa da ni daga wani ƙauye ta zo a yankin Bunguɗu, wata huɗu da haihuwa, cikinta ya tashi kamar mai wani cikin, leɓɓanta sun bushe. Ta ce an kai ta wurin masu magani uku, an ce iska ce, an ce sammu ne, sun sayar da awaki biyu kafin su zo nan. Tana magana tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Na riƙe mata jaririyarta ta sha ruwa.

Wajen ƙarfe ɗaya aka kira ni. Ɗakin ƙarami ne, an rage haske, gado siriri, na'urar a gefe da allonta kamar na kwamfuta. Irin na'urar sikanin ɗin da ake duba ciki da ita ce, wadda na sani tun awon ciki, sai dai kan da ake ɗorawa a jiki ya fi ƙanƙanta. Nas ta taimaka mini na cire riga, ta rufe ni da mayafi, ta manna mini 'yan faifai uku masu waya. Sannan likita ya shigo, ya yi sallama, ya zauna yana fuskantar allo. Har muka gama, idonsa na kan allon nan.

Ya ce in kwanta ta gefen hagu, in sa hannun hagu a ƙarƙashin kaina. Na tambaye shi dalili, don ni mai tambaya ce. Ya ce kwanciyar hagu tana matso da zuciya kusa da bangon ƙirji, ɗaga hannu kuma yana buɗe tsakanin haƙarƙari, domin sautin da na'urar ke aikawa ba ya ratsa ƙashi, ba ya son iskar huhu, sai an nema masa 'yar kafa. Nan na tuna darasin jemage da nake koyarwa. Sunan gwajin ma daga nan ya fito, eko shi ne amsa-kuwwa, irin wadda dutse ke mayar wa mutum in ya yi kira a gindin Kwatarkwashi. Na'urar tana tura sautin da kunne ba ya ji, ya bugi naman zuciya ya dawo, ita kuma ta mayar da shi hoto. Babu allura, babu yanka, babu hasken nan na hoton ƙirji da ake guje wa mai ciki.

Man da ya shafa a kan na'urar sanyi ƙarara, ga hunturu, sai da na ɗauke numfashi. Ya fara daga gefen ƙashin tsakiyar ƙirji, sannan ya koma ƙarƙashin nonon hagu, yana dannawa tsakanin haƙarƙari. Akwai ɗan zafi, musamman ga mai shayarwa. Duk da na ba yaro ya sha, nono ya zubo, ya jiƙa mayafin. Nas ta sa auduga ta goge ba tare da ta ce komai ba, ta gyara mini rufin. Har yau ina yi wa matar nan addu'a.

Muna tsaka da yi aka ɗauke wuta. Allon ya mutu. Muka zauna cikin duhu kusan minti ashirin ana jiran a tada janareto, man nan yana bushewa a jikina, ina jin kukan yarona a waje a hannun Inna. Da wuta ta dawo sai da na'urar ta sake tashi, ya sake shafa mai, ya koma inda ya tsaya.

Sai ya ce, "Malama, kin ce kina koyar da wannan. Ɗago kanki kaɗan ki gani."

Hoton kamar mafici ne a buɗe, baƙi da toka-toka. Da farko ban gane komai ba. Can sai na ga gicciye a tsakiya, da ɗakuna huɗu. Ɗakunan da nake zanawa da alli, ga su nan suna motsi. Sai dai a kife suke: tsinin zuciyar a sama, manyan ɗakunan a sama, ƙananan a ƙasa, ɗakin hagu kuma a hannun dama na allo. Ya nuna mini ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu, ganye biyu sirara suna buɗewa suna rufewa. Na kasa magana. Wannan abin tun ina cikin Inna yake aiki, bai taɓa hutawa ba, yau na gan shi. Na ce, "Subhanallahi," likita ya ce, "Haka kowa ke cewa."

Ban daɗe ina kallo ba na ga abin da ya kawo ni, tun kafin ya faɗa. Babban ɗakin hagu, wanda ke tura jini ga duk jiki, ya kamata ya matse kamar an dunƙule hannu. Nawa ya buɗe ya yi zagaye kamar ƙwarya, bangonsa yana ɗan motsi kawai, kamar mai numfashi cikin barci.

Ya danna wani maɓalli, launuka suka bayyana, ja da shuɗi. Na ce ja jini mai iska ne, shuɗi mara iska, yadda muke rina su a littafi. Ya ce a nan ba haka ba ne, ja jinin da ke tahowa wajen kan na'urar ne, shuɗi wanda ke tafiya nesa da shi. Ya nuna mini wani harshe mai gauraye launi da ke komawa baya duk bugu: ɗakin ya buɗe har ganyen ƙofar ba sa haɗuwa sosai, jini yana yoyo. Ya kunna sauti, ɗakin ya cika da wani fuu, fuu, kamar ana tankaɗe. Ya tsaida hoton, ya ja layi, ya auna, ya sake. Ya daɗe yana leƙen tsinin zuciyar. Daga baya ya ce gudan jini yake nema, domin zuciyar da ba ta matsawa sosai jini kan kwanta a lungunta ya daskare, in ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi bai samu ba. A ƙarshe ya sa na kwanta rigingine, ya danna ƙarƙashin ƙashin ƙirji, ya ce in shaƙi iska da sauri kamar mai mura, don ya ga ko babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya tana lotsawa ko ta cika tam. In an cire zaman duhu, duka bai wuce minti arba'in ba.

Da na sa riga ya ce a kira maigidana da mahaifiyata. Wannan ne abin da ya fi yi mini amfani a duk ranar. Ya kunna musu hoton wata lafiyayyar zuciya da ke ajiye a na'urar, babu suna a kai, sannan ya kunna tawa. Bai buƙaci dogon bayani ba, gani ya kori ji. Ya ce zuciya ba ta juye duk jinin da ke cikinta a bugu ɗaya, lafiyayya takan tura kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari, wannan lambar ita ce EF da za mu gani a takarda. Tawa 31. In mace ta samu wannan rauni a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, lambar ta gaza 45, kuma ba a ga wani dalili ba, shi ne ciwon da suke rubutawa PPCM, raunin zuciya na jego.

Inna ta yi shiru tana kallon allon. Can ta ce, muryarta na rawa, "Likita, wankan da nika yi mata shi yaj jawo wanga ciwo?"

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta. Ya ce, "Inna, ba ke kika jawo ba." Ya ce ciwon sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, kuma a lokacin sun ɗora zargi a kan wankan zafi da kanwa. A Sakkwato, wani bincike na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka buga a 2007 ya samu mace ɗaya a cikin haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Amma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya bai samu cewa al'adun jego ne tushen ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rashin wadata, da rama, da hawan jini na lokacin ciki, da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jiki. Ni kuwa jinina ya hau a wata na takwas, na sha magani na mako biyu na bari. Sai dai ya ce kanwa tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai riƙe ruwa a jiki, ruwan zafi kuma yana sa zuciya gudu, don haka ga zuciyar da ta riga ta raunana, kaya ne a kan kaya. Daga yau a daina.

Inna ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "An daina." Da muka koma gida ita da kanta ta kwashe kanwar ta ba maƙwabta, ta koma yi mini miya da daddawa da ɗan gishiri kaɗan, babu ɗunƙule. Da baki kawai aka gaya mata, na san Inna, da ta ce likitocin zamani ba su san jego ba.

Aka ɗora ni a kan magani huɗu: Lasix na fitar da ruwa, da enalapril, da spironolactone, sai carvedilol da aka fara da ɗan kaɗan bayan ruwan ya ragu, ana ƙarawa sannu a hankali. Ana duba jinina saboda ƙoda. Ya gaya mana akwai wani magani, bromocriptine, da wasu likitoci ke bayarwa a wannan ciwon, amma yana ƙafar da nono. Muka auna kuɗin madarar gwangwani da irin ruwan da muke samu, muka zaɓi in ci gaba da shayarwa, ya zaɓo magungunan da suka dace da mai shayarwa. Malam ya sayo sikeli, kowace safiya in hau in rubuta, in nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku, ruwa ne ke dawowa. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, likita ya ce kar in ɗauka a wannan shekarar. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ina ji ana kiran sallar magariba kowa na buɗa baki, amma na bi.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta haihuwa. Ya faɗa a gaban Malam, ba ɓoye-ɓoye: wani ciki kafin zuciyar ta warke zai iya kashe ni, kuma enalapril yana cutar da ɗan tayi. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu ma ba su dace da ni ba, saboda suna ƙara haɗarin daskarewar jini. Malam ne ya fara cewa a sa mini ashanar nan ta damtse, aka sa.

Zuwa watan Agusta na koma makaranta, ina hawa matakala, kumburi ya tafi. Lokacin eko na biyu ya yi, ga shi an cire tallafin mai tun ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya ninka. Na ce wa Malam ko mu bari tunda na warke. Shi ya tuna mini da maganar likita, cewa maganin fitar da ruwa yana sa mutum ya ji daɗi tun naman zuciyar bai farfaɗo ba, kuma masu barin magani a wannan gaɓar su ne ake dawowa da su ranga-ranga. Muka je. Wannan karon na san inda zan kalla. Bangon yana motsi fiye da da, yoyon ya ragu, lamba ta koma 44. Da na bi jin jikina, da na ajiye magani da zuciyar da ba ta kai ba.

Na tambayi nas ɗin labarin matar nan ta yankin Bunguɗu. Ta duba littafi ta ce an ba ta ranar dawowa, ba ta dawo ba. Ban san sunan ƙauyensu ba, ban karɓi lambar kowa nata ba, abin yana raina har yanzu.

Eko na uku a Fabrairun 2024 aka yi. Likita ya ce in ci gaba da magani, kuma ko lamba ta dawo daidai, wani ciki na iya tada ciwon, don haka in muna da wannan niyyar mu fara zuwa wurinsa kafin komai. Takardun ukun suna cikin leda ɗaya a jakata, duk asibitin da na shiga da su nake shiga, don kowane likita ya kwatanta ta yau da ta baya.

Muna fitowa na kira Inna a wayar ƙanena. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Nawa yak kai?"

Na ce, "Hamsin da uku, Inna."

Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce, "Saura biyu. Ki sha maganinki."